Matar da Ta Ƙi Kiran Hayaƙi Gajimare

Ƙarfe bakwai na safe, kafin masu shara su gama da barandar ofis, ta riga ta zauna a ɗakin ƙarshe mai taga ɗaya, tana jiran hotunan tauraron ɗan adam su sauko a kwamfuta. Shekara ashirin da uku ta yi a haka. Aikinta shi ne ta gano inda daji ya kama wuta ko inda ake ƙona kara a gonaki, ta zana iyakar hayaƙin a taswira, ta duba inda iska za ta kai shi. Abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Hayaƙi don tsokana, ita kuwa ko a jikinta.

A idon wanda bai sani ba, duk fari ne a hoton. Ita da yatsa take bin sa. "Gajimare ba shi da tushe," in ji ta. "Hayaƙi kuwa, ka bi shi a hankali, zai kai ka gonar wani."

Ƙa'ida ta ce ta miƙa rahoto sama ta jira sa hannu, abin da kan cinye kwana uku. Ita dai kafin ta rubuta komai sai ta kira wata nas a ƙaramin asibitin da ke bayan manyan gonaki, inda masu ciwon asma suka yi yawa. "Ƙanwata, hayaƙi yana tafe, kafin azahar. A rufe tagogi, a fito da magani." Nas ɗin ta rantse ba ta san adadin rayukan da wannan kiran ya ceta ba.

Wata shekara yatsan ya kai ta gonar wani mai faɗa-a-ji. Shugaban ofis ya shigo da kansa, har da murmushi.

"Malama, ai wannan gajimare ne."

"Ranka ya daɗe, na duba."

"Ki sake dubawa mana."

"Ko sau ɗari na duba, hayaƙi ne."

Daga ranar ƙarin girma ya ɓace hanyar ɗakinta. Waɗanda ta koya wa aiki suka zama masu ba ta umarni. Abin ya ci mata rai, ta yi kukanta a ɓoye, amma ba ta goge layi ko ɗaya ba.

Watan jiya ta yi ritaya. Aka ba ta agogon bango, aka rufe mata hanyar shiga hotunan, aka ce yanzu na'ura ce za ta riƙa zanawa ta aika wa shugaba kai tsaye. Abin kunya, ba wanda ya tambaye ta wa za ta bar wa kiran.

Kwana goma bayan haka nas ta kira ta.

"Yaya, me ya sa ba ki kira ba? Mun rasa dattijo ɗaya, biyu suna kwance."

"Sun rufe mini ido, ƙanwata. Yanzu ni ma sai na shaƙa nake sani."

Baiwar Allah, ke ce mai gadin numfashin mutanen da ba su san fuskarki ba. Ofishinki bai gode miki ba, mu mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Kai kuma da ka gaji kujerarta kana kula da na'urar, ka yi koyi da ita, ka nemi lambar asibitin nan tun yau. Har yanzu ba a gama ƙona kara ba, kuma nas tana can tana duba wayarta.