Sawun Tarakta a Ciyawar Mirdza

A ƙauyenmu, can gabashin Latbiya, duk wanda ya haura sittin ya san darajar dankali. Zamanin gonar gwamnati ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa a banza, sai an binne dankali a ciki, don shi ne zai raka ka har ƙarshen sanyi. Shi ya sa ranar da ƙawata Mirdza ta tone dankalin ƙofar gidanta kaf, ta watsa irin ciyawa, muka ce matar nan ta taɓu. Ni a gabanta na faɗa.

"Ciyawa za ki riƙa dafa wa Zigurds? Ko akuya kika aura ba mu sani ba?"

"Na gaji da tsoron yunwa, Aina," in ji ta. "Ina son wuri ɗaya da na shuka ba don ciki ba."

Ciyawa a ƙasarmu wahala ce tsagwaronta. Wata biyar take rayuwa, sauran shekara tana kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Da ƙasa ta sha iska Mirdza za ta fito da manjagara ta kankare gansakuka, ta huda ƙasar da cokalin tono, ta zuba yashi da taki. Yankan ƙarshe kafin sanyi kuwa gajere take yi, ta kwashe ganyen bishiya ɗaya bayan ɗaya, don in ya kwana a kai ciyawar ruɓewa take. Doka ɗaya ta kafa wa kowa, har limamin coci: in ciyawa ta daskare ba a taka ta, domin karyewa take kamar busasshen tsinke. Mijinta Zigurds ya yi ta gunaguni yana zagayawa ta gefen shinge har Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan rasuwarsa maƙwabci ɗaya ya rage mata a bakin dajin, Laimonis, ƙanin mijinta. Tun yana ɗan saurayi take zuba masa miya, kuma ita ta yi jinyar matarsa har ta cika. Kullum suna cikin tsiya, ciyawar ma gimbiya yake kiranta.

"Matar Yaya, yau an yi wa gimbiya aski?"

"An yi mata. Kai ma kawo gemun nan in bi ta kansa da injin, ragon banza."

Bara, farkon sanyi, Mirdza ta zame a bakin rijiya ta karya ƙugu. 'Yarta ta ɗauke ta zuwa asibiti a Riga, babban birnin ƙasarmu. Kafin a saka ta a mota ta damƙa wa Laimonis makullin gida da na ƙofar shinge, ba ta ce ya kula da kaji ba, ba ta ce rufin ɗaki ba, ciyawa kawai ta ambata. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba matar Yaya, ko kyanwa ba za ta taka ba."

Duk Lahadi sai ya kira ta a waya. "Gimbiyarki tana barci, ta lulluɓa da farin bargo, ko sawun tsuntsu babu." Mirdza ta gaya mini wannan maganar ce ta riƙe ta a kan gadon asibiti, ita ce ta sa ta daure ta sake koyon tafiya da sanda.

Ni na ɗauko ta daga tasha da sanyi ya fara sauƙi. Muka tarar da filin fari fat, a shafe sumul, Laimonis ya hura murhu, ya ajiye baƙin burodi da miyar kabeji. Har ƙwalla ta yi don daɗi.

Sai rana ta fara aikinta. Dusar ta narke ko'ina, ban da layi biyu na ƙanƙara mai tauri, daga ƙofar Laimonis, ta tsakiyar filin, har bakin daji. Da su ma suka narke, sai ga kwari biyu baƙaƙe ƙirin, laka zalla, ko tsiro ɗaya babu. Ashe duk tsawon sanyin nan itace yake sara a dajin bayan gidanta. Hanyar gaske ta zagaya fadama, ta yi masa nisa, sai ya buɗe shingen da makullin da ta ba shi, ya riƙa ratsawa da tarakta cike da gumagumai. Da ya ji za ta dawo, ya bi da shebur ya rufe sawun da sabuwar dusa. Wannan shebur ɗin shi ya fi ƙona mini rai har yau.

Ina tsaye Laimonis ya zo, hula a hannu.

"Ƙasa ta daskare, na zaci ba abin da zai same ta. Ciyawa ce fa, matar Yaya, za ta sake fitowa."

"Laimonis, da kake kirana ranar Lahadi, taraktar tana ina?"

Ya shiga murɗa hular. Ta ci gaba:

"Da ka ce mini kana son hanya, wallahi da na zage ka, sannan in ba ka. Amma ka bar ni ina godiya. Na kwanta ina yi maka addu'a. Ka ci amanata, kuma ka sa na yi maka sannu da aiki."

Washegari ya ajiye buhun irin ciyawa mai tsada a ƙofarta. Ta watsa wa kaji. Injin yankan ciyawar kuma ta ba wa coci. Da watan Mayu ya kama na je na tarar ta sa an kafce filin duka, tana dogara sanda tana jefa dankali a rami.

"Mirdza, layi biyu ne kawai suka mutu. Sauran fa?"

Ba ta ɗago ba. "Ciyawa a waje take kwana, Aina, dole ka bar wa wani ita. Dankali kuwa in na haƙe, a ɗakin ƙasa zan zuba, in kulle, makullin yana aljihuna."