Fasfo a Kan Teburin Goggo Zuwera

A duk shekarun da na yi a wannan kamfani, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Talata da na buɗe baki a taron manya ba tare da an nemi ra'ayina ba. Lokacin ni ƙaramin jami'i ne a sashen tsara hanyoyi. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ne muke duba inda mutane ke son zuwa, mu ba da shawara a ce jirgi kaza ya riƙa tashi daga gari kaza zuwa gari kaza, sau nawa a mako.

A wannan shekarar kamfani ya sayi manyan jirage biyu, irin masu hanya biyu a tsakanin kujeru. Da can ƙanana kawai muke da su, ba ma wuce ƙasashen makwabta. Duk ofis murna ake yi, har masu shara sun san an kusa fara tafiya mai nisa. Jiragen suna can Turai an cire musu tsofaffin kujeru, masu gyara suna jiran mu aika musu tsarin da muke so kafin ƙarshen mako. Shi kuwa tsarin kujeru, da zarar an kafa shi, sai ya yi shekara da shekaru ba a taɓa shi ba.

Shugabar sashenmu, Madam Akosua, ta gabatar da shirinta: jiragen biyu duka su riƙa tashi daga Accra zuwa Turai, a cika gabansu da kujerun da ke miƙewa su zama gado, saboda manyan ma'aikata. Kowa ya gyaɗa kai. Sai na ji kaina ina cewa, "Madam, ɗaya fa? Me zai hana ya tashi daga Kumasi zuwa Dubai?"

Duk suka juyo suna kallona. Madam ta cire tabarau ta ce, "Razak, na duba na'ura. Masu zuwa Dubai daga Kumasi ba za su cika bas ɗaya ba."

Na ce, "Na'urar ba ta ganinsu ne, Madam. Bas suke hawa zuwa Accra, can suke sayen tikiti, sai ta lissafa su a mutanen Accra. Ni a Zangon Kumasi aka haife ni, na san su."

Ta dube ni jim kaɗan. "Ranar Juma'a zan aika tsarin. Jibi zan zo Kumasi. Idan na zo ban ga mutanen nan ba, kai za ka yi wa Darakta bayanin ranar da ka ɓata mini."

Da yammar nan na hau ƙaramin jirginmu zuwa gida Kumasi, jikina kamar in yi tsalle. Washegari da sassafe na shiga kasuwar Kejetia na sami ƙanwar mahaifina, Goggo Zuwera, a shagonta na leshi da atamfa. Ta fi shekara ashirin tana fita waje saro kaya. Na zayyana mata komai ina haɗa kalmomi saboda gaggawa.

Ta ce, "Tsaya, tsaya. Kana nufin in auna kayana a nan Kumasi, in karɓe su a nan Kumasi?"

Na ce, "Haka nake nufi, Goggo."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki waya ta fara kira. Wannan da Hausa, waccan da Twi, wani da Turanci. Abin da take maimaita wa kowa ɗaya ne: gobe bayan azahar a gidana, kuma a zo da fasfo.

Ranar Alhamis na ɗauko Madam daga filin jirgi. Ta zo da Kyaftin Mensah, babban matuƙinmu, dattijo mai ƙarancin magana. Da muka shigo lungun gidan Goggo sai da direba ya tsaya nesa, domin babura da motoci sun tare hanya. Tsakar gidan a cike take. Ga 'yan leshi, ga masu turare da gwal, ga 'yan kayan gyaran mota da suka zo daga unguwar Krofrom, har da wasu dattawan masu shanu da ke zuwa Umara ta Dubai.

Goggo ta tarbe su da akwaaba, wato maraba da Twi, ta sa aka kawo musu ruwa da fura, sannan ta ce wa jama'a, "To, ku zuba."

Aka fara ajiye fasfo a kan teburin cin abincinta. Wasu uku-uku ne a ɗaure da roba, tsoho da sabo. Kafin ka ce me, tebur ya cika har suna zubowa ƙasa. Madam ta ɗauki ɗaya ta buɗe, ta ɗauki wani, ta ɗauki wani. Kowane shafi hatimi kan hatimi, babu wurin da za a buga sabo. Na ga lokacin da fuskarta ta sauya. Ta juyo ta ce mini a hankali, "Razak, ina littafinka? Fara rubutu."

Sai ta fito da hoton kujerar nan mai zama gado ta nuna musu. Wata Hajiya Adiza, mai sayar da takalma, ta duba ta yi dariya. "Madam, gado ina da shi a gida. Ni ki ba ni kilo. Jaka biyu me za su yi mini?"

Aka ɗauki shewa. Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Amma kar ki matse mu a baya kamar kifin gwangwani. Gwiwoyin nan sun tsufa. Ki yi mana kujera mai ɗan faɗi, wadda ba ta kai tsadar ta gaba ba, ki ƙara mana kaya, za mu hau." Wani dattijo cikin masu shanu ya roƙi a bar ɗan fili a baya inda mutum zai tsaya ya yi salla. Madam ta ce in rubuta wannan ma.

Ina cikin murna sai Kyaftin ya yi gyaran murya. "Akwai matsala. Jirgin nan idan ya cika da mai da mutane da irin kayan da nake ji ana faɗa, titin Kumasi ba zai ishe shi tashi ba, balle da zafin rana."

Hannuna ya tsaya a kan takarda. Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Masu jin Turanci suka fassara wa sauran. Kyaftin ya karɓi birona, ya yi ɗan lissafi a bayan littafina, sannan ya ce, "Sai dai mu tashi daga nan da mai kaɗan, mu sauka Accra mu cika tanki, mu wuce. Fasinja ba zai sauka daga kujerarsa ba, kayansa ma ba za a taɓa ba."

Hajiya Adiza ta ce, "In dai ba zan sake jan jaka a tashar bas ba, ku tsaya sau biyu ma!"

A cikin mota Madam ta soke layuka da yawa na kujerun gaba a jirgi na biyu, ta zana sashen tsakiya a wurinsu. Ranar Juma'a aka aika, Darakta ya sa hannu. Bayan watanni, ranar da jirgin ya fara sauka Kumasi, motocin kashe gobara biyu suka yi masa baka da ruwa kamar yadda ake yi wa sabon jirgi. Ina tsaye a gefen titi cikin rigata mai ƙyalli, ina ihu kamar ba ma'aikaci ba, babu mai jina saboda ƙarar inji. Tikitocin wannan tafiyar sun ƙare tun mako biyu kafin ranar.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan: na'ura tana da amfani, ni ma da ita nake aiki kullum, amma inda aka sayi tikiti kawai take gaya maka. Ba ta san daga wane lungu mutum ya fito ba, ba ta san gwiwarsa na ciwo ba. Kafin ku zana wa jirgi hanya, ku tashi daga kujera ku je ku gaishe da waɗanda za su hau shi.