Tafin Zainab da Tururin Challawa

Na shigo falo na tarar da 'yata Zainab tana tafi a gaban makirufo, ita kaɗai. Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Baba, manhajar sauti nake haɗawa. Ina auna jinkirin da ke tsakanin tafina da fitowarsa a lasifika. In ya yi yawa, mawaƙi zai rikice."

Sai na nemi wuri na zauna.

A shekarun tamanin ina aiki a wata masaƙa a Challawa, gidanmu na Panshekara. Da jiniyar tururi ake tashinmu daga aiki. Marigayiya mahaifiyar Zainab ta taɓa ce min, "Malam, ni ba na jiran ƙarar. Ta saman katanga nake hango farin tururin ya tashi, sai na miƙe sannan ƙarar take isowa."

Dariya kawai na yi. Sai yau na gane ashe kullum idonta na kan katangar nan, tana jirana.

Jinkirin Zainab bai kai ƙiftawar ido ba. Nawa sai da na yi furfura.

Ku fa, wace magana ce ta daɗe a hanya kafin ta iso muku?