Dattijon da ya ƙi barin ciyayya

Na yi jinyar masu ciwon zuciya da yawa a Sakkwato, amma akwai wani dattijo, dillalin shanu daga Ƙofar Taramniya, da ba zan taɓa mantawa da shi ba. Zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafu a kumbure, ga haki ko daga tabarma ya tashi. Likita ya gaya masa ƙarara: in bai rage gishiri da kitse ba, magani ba zai riƙe shi ba.

Ni ce nas ɗin da ke zama da shi bayan likita, kuma ni ba ni da saurin gajiya da magana. Na yi bayani har bakina ya bushe. Matarsa ta rantse mini ko ƙwayar gishiri ba ta sa masa. Amma duk zuwan da zai yi, kumburin na nan. Tausayinsa ya kama ni, don ya fara kwana a zaune.

Rannan na ajiye wa'azina, na ce, "Baba, da wa kake cin abinci?"

Ya ce, "Ɗiyata, ciyayya mukai. Bayan magariba kowa shi hiddo akushi nai ƙohwar gida, mu haɗa hannu. Tun muna samari haka muke. In janye hannuna, a ce na raina tuwon gidajensu? Wallahi gara ciwon ga."

Ashe nasa tuwon marar gishiri tsakiya ake turawa ana yi masa dariya, shi kuwa ya bi na makwabta ɗaya bayan ɗaya. Ban ce ya daina fita ba, don na ga hakan zai fi ciwon karya shi. Na ce ya gayyato mini abokan cin nasa in gaishe su.

Sai ga su kuwa, dattawa cikin manyan riguna, suna tsokanarsa wai ya kawo su wurin uwar ɗakinsa. Na gwada jinin kowa. Wanda ya fi kowa dariya shi ne nasa ya fi hawa. Na gaya musu gaskiya: ran abokinsu na cikin akussan nan. Ɗayansu ya share ido ya ce masa, "Mi yas sa ba ka hwaɗi muna ba?"

Daga ranar gidajen duka suka rage gishiri. Sun yi ta ƙorafin miya ta zama lami, amma sun ci. Da dattijon ya dawo, da takalmi ya shigo, ƙafar ta saɓe.

Abin da na koya ke nan: kafin ka hana marar lafiya wani abinci, fara sanin da wa yake ci, don su ma sai ka yi jinyarsu.