Ta'aziyyar da Ta Kusa Cinye Aikin Auwalu

Har gobe ba zan manta da ranar da muka je yi wa Manaja ta'aziyyar mahaifiyarsa ba. Lokacin ina jami'ar kula da ma'aikata a wani kamfanin madara da yogot da ke hanyar Vom, kusa da Jos. Ga wanda bai san ofishin ba, mu ke ɗaukar ma'aikaci, mu ke ba shi hutu, mu ne kuma ake turawa idan za a sallame shi. Shi ya sa ba a cika gayyatarmu suna ba.

Akwai wani saurayi ɗan Naraguta, Auwalu, mataimaki a ɗakin gwaji, inda ake duba madarar da makiyaya suka kawo kafin a zuba ta a tukunya. Aikinsa ba laifi, amma ba ya gaisuwa. Kun san halinmu, sai an tambayi kwana, gajiya, sanyi da yara kafin a taɓa aiki. Shi kuwa sai ya wuce ka kamar bai ga mutum ba. Rashin kallon ido da yake yi ne kaɗai ake yaba masa, an ɗauka kunya ce. A ƙa'idarmu, wanda ya karɓi takardar tuhuma uku sai ya gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma da wuya a fito daga nan da aiki. Auwalu yana da biyu: ɗaya don yakan bar wurinsa duk sanda aka tayar da babban janareto, ɗaya don ya gaya wa wani darakta gatsau cewa takalminsa da datti.

Ranar ta'aziyyar muka cika motar ma'aikata. Ƙofar gidan ta cika maƙil, ga lasifika ana wa'azi. Maza suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa mamaciya addu'a. Ina hango Auwalu daga ɓangaren mata, ya tsaya a bakin rumfa, ya toshe kunnuwa da yatsu, yana ɗan rangaji. Da aka turo shi gaban Manaja, bai durƙusa ba, bai miƙa hannu ba. Ya ce, "Oga, ba a gwada madarar safe ba. Mu koma."

Na ga fuskar Manaja, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya binne uwarsa jiya ne. Da ya dawo aiki ya ce in rubuta wa Auwalu takarda ta ukun, in kira kwamiti.

Shugabar ɗakin gwaji, Madam Ngozi, ita ta tare ni a baranda. Ta ce, "Hajiya, yaron nan ba wulaƙanci yake yi ba fa. Ɗan sistana haka yake, sai da likita ya duba shi muka gane. Ki roƙi oga ya ba mu lokaci kaɗan." Na roƙa. Manaja ya yarda a ɗage zaman zuwa ƙarshen wata, ba don ransa ya so ba.

Na je na sami mahaifiyar Auwalu a wurin da take sayar da masa kusa da Tina Junction. Ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, "yaron nan" take cewa. Ta gaya mini tun yana ƙarami an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi duka, dangi kuma sun gama yanke hukuncin cewa ita ce ta sangarta shi. Da na ambaci sashen likitocin ƙwaƙwalwa, sai ta ajiye cokalin juya masa ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Na sha zirga-zirga kafin ta amince, masa kuwa na ci har na gode Allah.

A asibitin koyarwa ba allura aka yi masa ba, ba hoto aka ɗauka ba. Hira ce, zama bayan zama. Likitar ta tambayi uwar yadda ya fara magana da yadda yake wasa yana yaro, ta tambaye ni halinsa a wurin aiki, shi kuma ta zauna da shi su biyu. A ƙarshe ta ce lalurar otizim ce, irin wadda mai ita yake karatu, yake aiki, amma hayaniya tana yi masa zafi a kunne, kuma abin da mu muke ganewa a fuskar mutum ba tare da an faɗa ba, shi sai an gaya masa. Ta ce haka aka halicce shi, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin tarbiyya ba. Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe tana kuka. Auwalu kuwa tambaya ɗaya ya yi: ko akwai wasu irinsa a Jos. Aka haɗa su da wata ƙungiyar iyaye da matasa da ke zama ranar Asabar.

Ranar kwamiti na yi bayanin abin da likita ta ce, na kawo shawarwarinta: a ba shi abin toshe kunne, a matsar da teburinsa nesa da janareto, a riƙa ba shi umarni a fili ba da hannunka-mai-sanda ba. Manaja ya saurara, fuska a ɗaure. Ya ce duk ya ji, amma uwarsa ce ta rasu, kuma ko kalmar ta'aziyya ɗaya yaron bai ce ba. Nan na san aikin ya kusa tafiya.

Sai Auwalu ya nemi izinin magana, idonsa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, na ji zafin rasuwar mahaifiyarka. Na yi mata addu'a a gida, ina yi har yanzu. Ban san yadda ake nuna shi a fuska ba ne."

Manaja ya cire tabarau, ya goge ido da gefen babbar riga.

"Allah ya karɓa," ya ce. "Koma bakin aikinka."

Wallahi ban san sanda na yi guɗa a ɗakin taro ba, ni da ake tsoro. Madam Ngozi ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Auwalu yana kamfanin har na yi ritaya, an ma ƙara masa girma.

Ku da kuka gaje mu a wannan kujera, ƙa'ida za ta gaya muku abin da ma'aikaci ya yi, ba za ta gaya muku dalili ba. Mu mutane ne masu auna ladabi da gaisuwa, kuma ba laifi ba ne. Amma kafin ku sa hannu a sallami mutum, ku tashi ku je ku tambayi wanda ya san shi tun yana goye.