Rufin Motar Douwe Postma

Douwe Postma ya shekara arba'in da huɗu a kan rufin gidajen mutane. Kwalta da darma su ne aikinsa, kuma a ƙauyenmu da na kewaye ba a taɓa kiransa sau biyu a kan rufi ɗaya ba. Shi ma ya san da haka, shi ya sa zama da shi sai da haƙuri. In ya shigo gidanka ba fuskarka yake fara kallo ba, sama yake ɗaga kai.

Ni ta rumbuna na san shi, wato babban ɗakin da shanuna ke kwana a da. Da na daina kiwon shanu na mayar da wurin ma'ajiyar motoci masu ɗaki, irin waɗanda 'yan fansho ke saye su yi yawo lokacin zafi, su kawo mini ajiya in sanyi ya shigo. Yawancinsu sun fi son goge motar da tafiya a cikinta.

Motar Douwe ba shi ya so ta ba, matarsa Hiltje ce. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, likita kuma ya ce in da hali ta riƙa yin hunturu inda rana take. Tun suna da ƙuruciya take maganar kudancin Fotugal, shi kuwa kullum akwai rufin wani da bai ƙarasa ba. Da ya ajiye aiki suka kwashe abin da suka tara suka sayi mota 'yar shekara huɗu. Dillalin ya lallaɓe su suka ƙara da garantin shekara biyar: in ruwa ya shiga bango, kamfani ne zai gyara. Sharaɗin yana shafi na sha ɗaya, da ƙananan baƙaƙe. Kada wani hannu ya taɓa danƙon da ya toshe mahaɗar rufi, sai na gareji mai izini.

Satin da suka kawo motar ya ari tsanina ya hau, ya ga yadda aka shafa danƙon, ya sauko yana tsaki.

"Jelle, zo ka ga abin kunya. Mai shafa man shanu a burodi ya fi su iyawa."

Na ce, "Kai dai bar musu kayansu, tsoho."

"In bar wannan a saman kan matata?"

Kwana biyu ya yi yana kankarewa yana sakewa. Hali zanen dutse, sai na ƙyale shi.

A watan Oktoba, saura sati uku su tafi, Hiltje na shimfiɗa zanen gado a cikin motar ta dafa bango, bangon ya lotsa. Katakon ciki ya ruɓe daga taga har ƙasa. Kamfani ya turo mai dubawa, wata dattijuwa, Marloes Dijkman, da 'yar na'urarta ta auna danshi. Ba ta yi minti goma ba ta ce ta gefen taga ruwan ya bi. Sannan ta hau tsani, ta daɗe a sama.

Da ta sauko sai ta yi magana a hankali, tana kallon takardunta. "Yallaɓai, rufin nan ya yi kyau ƙwarai. Ina jin haka kuka saye ta, ko?"

Ko yaro ya san ƙofa ta buɗe masa. Hiltje ta yi gyaran murya. Ni kuma na shiga kallon takalmina.

"Haka muka saye ta?" in ji Douwe. "Baiwar Allah, a ina kika taɓa ganin kamfani ya ja layi irin wannan? Hannuna ne, daga gaba har baya."

Marloes ta rufe ido kaɗan, sannan ta rubuta.

Wasiƙar ƙin biya ta zo cikin sati. Gyaran ya fi ƙarfinsu, motar kuma ba ta tafuwa da ruɓaɓɓen bango. Hunturun nan a gida suka yi shi. Hiltje ta yi ta faɗa wa 'yarsu abin da za a rubuta, domin ita biro ya daina zama a hannunta: wasiƙa ga kamfani, wasiƙa ga dillali, wasiƙa ga kwamitin da ke sasanta irin wannan rigima. Hujjarsu ɗaya ce, cewa ina ruwan taga da rufi. Amsar kamfani ma ɗaya ce, shafi na sha ɗaya.

Sai a watan Mayu kamfanin ya sassauta. Ya ce zai gyara don kyautatawa, in Douwe ya sa hannu cewa ta aikinsa ruwan ya shiga. A nawa ganin, in suka amsa laifin taga ne, masu irin motar da yawa za su biyo layi. Sun gwammace laifin ya zama na tsoho guda.

A ofishina aka yi, a kan kofi. Douwe ya karanta takardar sau uku.

"Ƙarya ce fa, Hiltje."

"Na sani."

"Ɗigo ɗaya bai bi ta wurina ba."

"Ni ban ce ka sa ba, Douwe. Ban kuma ce kada ka sa ba. Na gaji ne kawai."

Ta ɗauki kofinta da tafin hannu biyu, don yatsun ba sa shiga mariƙi. Ya dube ta. Ya jawo takardar ya rubuta sunansa, baƙi-baƙi, yadda ba mai cewa bai karantu ba. Na ji tausayinsa, amma ban nuna ba, domin da ya zage ni.

Sun tafi kudu a watan Nuwamba, kuma tun daga nan duk shekara suna tafiya. Hiltje na dawowa da launin rana a fuska, har tana iya ɓalle maɓallin rigarta da kanta.

Bara iska ta ɗaga mini kusurwar rufin rumbu, ruwa na zuba a kan motocin mutane. Douwe ya zo ɗaukar tasa, na ce ya ɗan hau ya duba mini, ko da ido ne. Ya tsaya a gindin tsani, bai ɗaga kai ba.

"Nemi mai izini, Jelle," ya ce. "Ni akwai takardar da ta ce aikina na yoyo, kuma ni na sa mata hannu."