Na Fita, Amma Ƙofar Ba Ta Rufu Ba

A lokacin da abin nan ya faru, ni manomin citta ne a gefen Kafanchan, dattijo a ikilisiyarmu, furfura ta fara cin gemuna, amma ban iya karatu ba. Matata malamar firamare ce. Tun aurenmu ita ke karanta mini komai, daga takardar asibiti har ayar safiya, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a wani coci da ke nesa da unguwarmu, sai na shiga a ɓoye. Burina shi ne ranar tunawa da aurenmu in rubuta mata magana da hannuna.

Malaminmu ya ce akwai manhajar koyon karatu da za ta taimake ni a gida. Babbar waya ɗaya ce a gidanmu, kuma ta matata ce. Na karɓa da sunan zan saurari farashin citta, na kai masa ya saka, ya ɓoye ta cikin sauran manhajoji. Ya nuna mini wani jan maɓalli, ya ce in na gama in danna shi, na fita ke nan. Ni kuwa na ɗauka kamar kulle ɗaki ne. Kullum da yamma sai in ɗauki wayar in koma bayan rumbu, in matata ta matso in kife wayar a cinya. Ban lura da abin da hakan ke yi mata ba. Ta daina tsokanata, ta daina kirana Baban yara, tuwo ma sai ta ajiye ta wuce. Ina gina abin da zai faranta mata rai, ashe ina rushe yardar da ke tsakaninmu.

Wata Asabar ina cikin gwada rubutu, maƙwabci ya kira ni cewa awaki sun shiga shanyar cittata. Na danna jan maɓallin, na ajiye wayar a benci na ruga. Matata kuma ta ɗauki wayar za ta kira ƙanwarta a Manchok. Ta ga shafin da ke neman lambar sirri, ta danna kibiyar komawa baya don ta kauce masa. Sai ga shafina ya buɗe. Ta sake dannawa, wani ya fito, haka ta yi ta komawa baya har ta ga haruffan da nake ta fama da su.

Da na dawo na same ta zaune, idonta ja. Ta tambaye ni, a matsayina na dattijon ikilisiya, mata nawa gare ni. Na fara rantsuwa, sai ta juyo mini wayar. Abin da na rubuta shi ne ina son matana. Haka muke faɗa a Hausarmu ta nan, ba mu cika raba namiji da mace ba. Ta ce a Hausar littafi wannan mata da yawa ke nan, don haka in kawo sauran su taya ta wanke citta. Ta yi dariya har hawaye ya zubo, kuma na san ba na dariya kaɗai ba ne. Daga baya ta ce ta daɗe tana addu'a a kaina, tana zaton wata ce a wayar.

Na gaya wa malam zancen kibiyar, ya gwada, ya ga haka ne. Ya sanar da masu manhajar, suka gyara. Yanzu in ka fita, kibiyar ba ta mayar da kai ciki.

Ni kuskuren nan alheri ya zame mini, amma ina tunanin wanda zai ari wayar wani ya duba sakamakon asibiti. 'Yan'uwa, in kun fita daga manhaja, ku danna baya ku tabbatar ƙofar ta rufu. Masu ƙera ta kuma su share sawun mutum in ya tafi. Magidanta, kada ku ɓoye wa iyali abu har ya zama zargi, ko da na alheri ne.

Yanzu tare muke zama bayan rumbun. Wannan labarin ma ni na rubuta, ta bi shi da jan biro ta gyara wurare da yawa. Da ta zo kan kalmar matata, sai ta ɗaga biron ta wuce.